Daga Gafaka Zuwa Kwamfuta: Yadda Binciken Littattafan Sakkwato Ya Samo Asali

A jami'o'in duniya a yau akwai wani fanni da ke tara ma'aikacin ɗakin karatu da masanin tarihi da mai sarrafa kwamfuta a kan aiki guda. Suna ɗaukar tsofaffin rubuce-rubuce su tantance su, su yi musu fihirisa, su ɗauki hotunansu, sannan su sa na'ura ta taya su bincike. Ɗalibai na yin digiri na biyu da na uku a kansa. Wanda bai bi sawu ba zai ɗauka baƙon ilimi ne da ya sauka Sakkwato tare da intanet. Amma tambayoyin da fannin ke yi tsofaffi ne a birnin Shehu: wa ya wallafa wannan littafi, wa ya kwafe shi, daga hannun wa ya fito, ina sauran kwafensa suke, kuma yaya za a yi ya isa ga mai nemansa? Fiye da shekara 200 ke nan ana amsa su a Sakkwato. Kayan aiki sun sauya sau da yawa, daga alƙalamin kara zuwa injin bugu, daga ƙaramin fim zuwa kyamara, amma a kowane zamani aikin bai taɓa yiwuwa ba sai an samu wanda ya iya karanta warƙar.

Daular da ta tashi da alƙalami

Tun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana Degel, kafin hijira zuwa Gudu a 1804, jama'arsa jama'ar karatu ce. Shi da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar ɗaruruwan littattafai da waƙoƙi cikin Larabci da Fulatanci da Hausa. Da Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, rubutu ya zama ƙashin bayan mulki. Da wasiƙa ake naɗa sarki, da wasiƙa ake yi masa gargaɗi, da littafi ake nuna masa yadda zai riƙe jama'a. Abdullahi ya rubuta Diya'ul Hukkami a Kano domin mutanen garin sun roƙe shi ya bar musu abin da za su yi hukunci da shi. Bello kuwa, ban da siyasa da fiƙihu, har kan magani ya yi rubutu, ciki da ciwon ido da basir.

Abin da ya fi shafar zancenmu shi ne, waɗannan malamai ba wallafa kaɗai suka yi ba, sun kuma adana labarin ilimin kansa. Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jero malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu. Duk mai son sanin abin da ake karantawa a ƙasar Gobir a ƙarshen ƙarni na 18, nan zai fara dubawa. Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812. Ya buɗe shi da bayanin ƙasashen Tukururu da malamansu, ya kuma shigar da wasiƙun muhawarar da aka yi da Shehu Laminu na Barno, har da hujjojin abokin jayayya. Mutumin da ya ajiye maganar wanda ke sukarsa domin na baya su auna da kansu ya san darajar shaida.

Ajiye takardun daula ya faɗa hannun gidan Waziri. Giɗaɗo ɗan Laima, amintaccen Bello kuma mijin Nana Asma'u, shi ne tushen wannan gida da unguwar Giɗaɗawa ta samo suna daga gare shi. Ya rubuta Raudul Jinani kan Shehu da jama'arsa, zuriyarsa kuma suka gaji sarauta tare da tarin wasiƙu da littattafai. Ita Nana Asma'u ta warware wata matsala da masu ilimin bayanai ke fama da ita har yau: yaya ilimi zai isa ga wanda ba ya iya zuwa inda littafi yake? Ta tsara waƙoƙi cikin Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajoji, suka riƙa kai karatu ga matan ƙauyuka ta hanyar 'Yan Taru.

Warƙa a hannu

In aka kwance igiyar gafaka aka zaro littafin wancan zamani, abin da za a fara gani shi ne tadarishi, bangon fata da ke rungume da warƙoƙi. Ba ɗinki, ba manne. Kowace warƙa zaman kanta take yi, shi ya sa malami ke iya raba littafi guda ga almajirai da yawa su kwafa ko su yi bita. Kuma ba lambar shafi. A ƙasan bayan kowace warƙa mai kwafa kan rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye, da ita ake gane jeri. Iska ta watsa warƙoƙi, ko wani ya juye littafi biyu cikin gafaka guda, to sai mai ilimi ya zauna ya bi waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya kafin littafin ya koma yadda yake.

A ɗaga warƙar a haska ta da rana, sau da yawa za a ga tambarin jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar. Takardar Italiya ce, wadda masana'antu irin na gidan Galvani suka yi, fatake suka ratso Sahara da ita ta Tarabulus da Masar. Tsadarta ta sa ake tattalin kowane gefe. Rubutun jikin littafin baƙi ne, da jan tawada a kan babi da sunaye masu daraja, ga sharhin masu karatu cike da gefuna da tsakanin layuka, wani da Larabci, wani da ajamin Fulatanci ko na Hausa. A warƙar ƙarshe, in an yi dace, mai kwafa zai faɗi sunansa da na mai littafin, ya roƙi gafara ga iyayensa da malamansa.

Shekarar wallafa kuwa sau da yawa a ramzi take zuwa, wato a dunƙule cikin haruffa. Nan ma akwai tarko. Malaman ƙasar nan lissafin Magariba suke bi, inda shinun ke tsayawa a 1000, alhali a lissafin Gabas 300 ne. Shinun da ra da fa a wurinsu 1280 ke nan ta hijira. Wanda ya zo da lissafin Gabas zai ɓata da shekara ɗari bakwai. Duk abin da ma'aikacin fihirisa na yau ke cikewa a kwamfuta, daga waɗannan alamomi yake tsinto shi.

Baƙi, yaƙi da warwatsuwar littattafai

Turawan farko da suka iso sun tarar da masu littafi. Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, ya koma da taswira da wani yanki na bayanin ƙasa daga Infaƙul Maisuri, aka fassara aka buga a Landan a 1826. A zuwansa na biyu ya kawo wa Bello littattafan Larabci, ciki da littafin lissafi na Uƙlidis, Bello ya shaida masa cewa gidansu na da kwafe da wani ɗan uwa ya zo da shi daga Makka, gobara ce ta cinye shi. A 1853 Heinrich Barth ya ga Tarihus Sudan a Gwandu, ya kwafi abin da ya samu dama, ta nan Turai ta fara sanin tarihin daular Songhai dalla-dalla.

Littattafan ba su zauna wuri guda ba. Alhaji Umaru Futi ya zauna Sakkwato a shekarun 1830, ya auri 'yar Bello, ya tafi yamma da kwafen littattafan jama'ar Shehu. Da Faransawa suka ci Segu a 1890, Kanar Archinard ya kwashe ɗakin karatun zuriyarsa, yau yana Faris. Ranar 15 ga Maris 1903 Ingilishi suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli, waɗanda suka tsira suka zarce har bakin Kogin Nilu inda aka kafa Mai Wurno, da littattafansu a kan jakuna da kawuna. Wasiƙun da aka samu a gidan Waziri Buhari, H. F. Backwell ya fassara wasu ya buga a 1927. E. J. Arnett ya fitar da taƙaitacciyar fassarar Infaƙul Maisuri a 1922.

Mulkin mallaka ya yi wani abu da ya fi kwasar takardu illa. Ya ɗora boko a ofis da makaranta, tun daga makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909. Zaure ya ci gaba da karatunsa, amma aka samu zuriyar ma'aikata da ba sa iya karanta rubutun kakanninsu, aka kuma samu malaman zaure da ba a lissafa su cikin masu ilimi a takardun gwamnati. Wannan rabuwa ita ce ciwon da binciken littattafan Sakkwato ke jinya har yanzu.

Zauren Waziri Junaidu

Shekarun 1950 suka zo da sabuwar ƙishirwa. Ƙasa na shirin samun mulkin kai, ana neman tarihin da ba Bature ya rubuta ba. Kenneth Dike ya jagoranci kafa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a 1954, aka buɗe reshenta a Kaduna. W. E. N. Kensdale na ɗakin karatun Kwalejin Jami'a ta Ibadan ya zagaya Arewa yana tattara littattafan Larabci, ya fitar da fihirisarsu tsakanin 1955 da 1958, ya kuma buga jerin sunayen littattafan Shehu da na Abdullahi da na Bello. A. D. H. Bivar ya tara wasu a gidan tarihi na Jos. A 1964 aka kafa cibiyar adana rubuce-rubucen Larabci a Ibadan, inda John Hunwick ya yi aiki, a Zariya kuma Abdullahi Smith ya ja ragamar shirin binciken tarihin Arewa, kafin ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970.

Dabarar wancan lokaci ita ce ƙaramin fim. A ari littafi daga malami, a ɗauki hoton warƙoƙinsa a kan zaren fim, a mayar masa da abinsa. Wannan ya kwantar da hankalin masu littattafai, domin ba sai sun rabu da gadonsu ba. Ya kuma sa a karon farko aka iya jera kwafen Sakkwato da na Kano da na Bauci a gaban mutum guda ya gwada su.

Amma fim ba ya bayani. Duk waɗannan masu bincike, in suka maƙale, Giɗaɗawa suke nufa. Alhaji Junaidu ɗan Waziri Buhari, wanda aka haifa a 1906 ya zama Waziri a 1948, shi ne ƙofar. Marubuci ne a karan kansa, ya wallafa Dabtul Multaƙatati da Larabci da Tarihin Fulani da Hausa, ga diwanin waƙoƙi. Ya san hannun marubuta, ya san wace wasiƙa ta wane zamani ce, ya san wane gida ke riƙe da wane littafi. Kuma bai ƙulle ɗakinsa ba.

A farkon shekarun 1960 wani matashi ɗan Ingila, Murray Last, ɗalibin Smith a Ibadan, ya zo ya zauna a gidan Waziri yana karatu a gabansa, yana bin wasiƙun waziran da suka gabata. Ya samu digirin digirgir a Ibadan a 1964, cikin na farko-farko da wata jami'ar Najeriya ta bayar, kundin kuma ya fito littafi a 1967. Tasirinsa ya kai har ga yadda ake kiran daular. Turawan mulki sun saba cewa daular Fulani, bayan wannan aiki masana suka koma kiranta halifanci, yadda masu ita suka fahimce ta. Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ita ma ta hannun Waziri ta samu rubuce-rubucen Nana Asma'u. Ta fitar da tarihin rayuwarta a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a 1997, shekarar da Waziri ya rasu. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1971, a jawabinsa kuma ya ja kunnen jami'o'i kan zama saniyar ware a cikin al'ummar da ta haife su.

Ya kamata a riƙe wannan da kyau. Binciken digiri na uku kan Sakkwato bai fara da jami'a ita kaɗai ba. Ya fara ne ranar da ɗalibin jami'a ya cire takalmi ya zauna a gaban malamin zaure.

Jami'a ta iso gida

A gefe guda, sana'ar kula da littattafai ita ma tana zama ilimi mai digiri. Ibadan ta fara horar da ma'aikatan ɗakin karatu a 1960, Zariya ta buɗe nata sashen a 1968. Da kwamfuta ta shigo, fannin ya faɗaɗa daga jera littattafai a kanta zuwa nazarin yadda ake tattara bayanai da tsara su da nemo su, har aka kafa cibiyar kimiyyar bayanai ta yankin Afirka a Ibadan a 1990 domin masu digiri na biyu da na uku.

Shekarar 1975 ta zo wa Sakkwato da abu biyu. An yi babban taron masana kan tarihin daular a cikin birnin, wanda Yusufu Bala Usman ya tace takardunsa aka buga a 1979. A shekarar ce kuma aka kafa Jami'ar Sakkwato, ta fara karatu a 1977 ƙarƙashin Farfesa Shehu Galadanci, masanin adabin Larabci na Najeriya, kafin masanin tarihi Farfesa Mahdi Adamu ya gaje shi. A 1988 aka sa mata sunan Usmanu Danfodiyo, babban ɗakin karatunta kuma yana ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta jami'ar ta shiga tattara littattafan jama'a da tace su da fassara su. Gwamnatin jiha ita ma ta kafa hukumar tarihi a shekarun 1970, wadda yau ke amsa sunan Waziri Junaidu, tana riƙe da littattafan hannu da takardun zamanin En'e da kayan tarihi.

Daga nan 'ya'yan gida suka karɓi alƙalami. Bello Sa'id ya tattara waƙoƙin Hausa na masu jihadi a kundinsa na digiri na biyu a Kano a 1978, ya juya su daga ajami zuwa boko. Sambo Wali Junaidu, ɗan gidan Waziri wanda daga baya aka naɗa shi sarautar, ya yi digirin digirgir a Landan a 1985 kan waƙoƙin Larabci na malaman Sakkwato a ƙarni na 19. A sassan Larabci da nazarin Musulunci, tahƙiƙi ya zama hanyar da ɗalibai da yawa ke bi: a zaɓi littafi guda, a nemo kwafe uku ko huɗu, a gwada su kalma da kalma, a fitar da matani ingantacce da bayanin bambance-bambance. Kasuwa ma ba a bar ta baya ba. Masu buga littattafai sun riƙa ɗaukar hoton rubutun hannu suna bugawa da araha, irin waɗanda ake sayarwa a bakin Hubbaren Shehu, suka mayar da littattafan da a da sai an yi wata ana kwafa abin da almajiri zai saya da kuɗin aljihunsa.

Na'ura ta shigo

Sa kwamfuta ta yi hidimar adabi ya samo asali ne daga wani limamin Katolika ɗan Italiya, Roberto Busa, wanda a 1949 ya shawo kan kamfanin IBM ya taimaka masa ya yi fihirisar kowace kalma a rubuce-rubucen Thomas Aquinas. Aikin ya ci shekara kusan talatin. A Afirka ta Yamma, Charles Stewart na Jami'ar Illinois ya fara zuba bayanan littattafan hannu a kwamfuta a ƙarshen shekarun 1980, da Larabci da rubutun boko, abin da ya girma ya zama rumbun bayanai na yankin baki ɗaya. A 1995 Hunwick ya fitar da babban kundin marubutan Larabci na tsakiyar Sudan, inda malaman Sakkwato suka cinye babi-babi, kowane littafi da jerin wuraren da kwafensa suke. Gidauniyar Al-Furƙan ta Landan ta buga fihirisar littattafan ma'ajiyar Kaduna a shekarun 1990.

Amfanin tara bayanai wuri guda ya bayyana a 2011, lokacin da Stewart da Bruce Hall suka ƙirga littattafan da suka fi yawan maimaituwa a ɗakunan karatu daga Muritaniya zuwa Arewacin Najeriya. Suka fito da manhajar da malaman yankin suka yi tarayya a kanta ƙarni bayan ƙarni, suka kuma gwada ta da abin da irin su Abdullahi suka ce sun karanta. Tambaya ce da mutum guda ba zai amsa ta da ido ba ko zai shekara hamsin yana yawo.

Sai kyamara ta maye gurbin fim. Ɗakin Karatu na Birtaniya ya fara shirin ceto takardun da ke cikin haɗari a 2004, a ƙarƙashinsa aka ɗauki hotunan waƙoƙin jihadi na ajamin Fulatanci da takardun ma'ajiyar Kaduna. A 2008 Michaelle Biddle, ƙwararriya kan gyaran tsofaffin takardu, ta zagaya ma'ajiyun Arewa har da Sakkwato, ta nazarci takarda da tawada, ta horar da ma'aikata. Jami'ar Boston, ƙarƙashin Fallou Ngom tare da Mustapha Kurfi na Jami'ar Bayero, ta ɗora littattafan ajamin Hausa a intanet. Abin da ya faru a Tumbutu a watan Janairun 2013, da aka ƙone dubban littattafai a cibiyar Ahmad Baba bayan an riga an sulale da mafi yawan na gidaje zuwa Bamako, ya farkar da kowa. Sakkwato ma ta ga nata gargaɗin a ambaliyar 2010, da ruwa ya yanke hanyar shiga jami'a. Ko ba yaƙi ba ruwa, akwai gara, da zafin bazara da ke haura digiri 40, da hunturu mai busar da takarda har ta riƙa karyewa a hannu.

Inda na'ura ke tuntuɓe

Ɗaukar hoto shi ne mafi sauƙin aikin. A share ƙura da lallausan buroshi, a shimfiɗa warƙa, a ajiye ma'auni da katin launi a gefe, a ɗauki gaba da baya. Wahalar tana zuwa bayan nan. Hoton da ba a rubuta sunan littafi da mawallafi da mai kwafa da gidan da ya fito a kansa ba, ɓatacce ne ko yana cikin kwamfuta. In warƙoƙin sun cakuɗe tun a gafaka, a cakuɗe za su hau intanet, duniya ta ɗauka haka littafin yake.

Manhajojin da ke karanta rubutun hannu kuwa, akasari da rubutun Gabas aka horar da su. Namu na gidan Magariba ne: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo guda a sama. Ajamin Hausa ya ƙara nasa. Yana da ɗigo a ƙarƙashin harafi domin wasalin e, yana aron haruffan Larabci ya ba su sautin ɗ da ts, kuma babu ƙa'idar rubutu guda, kowane gari da hannunsa. Kalmar da Basakkwace ya rubuta da lafazinsa ba lallai Bakano ya rubuta ta haka ba. An samu ci gaba: tsarin Unicode ya ƙara haruffan da ajamin Afirka ke buƙata, an kuma ƙera tsarin haruffa mai suna Alkalami bisa hannun Kano. Amma kafin na'ura ta koyi karanta hannun Sakkwato, sai mutane sun zauna sun kwafe dubban layuka daidai sun ba ta. Waɗannan mutane ba a Boston suke ba, ba a Landan ba. Suna zaurukan Giɗaɗawa da Gwandu da Wurno da Salame.

Akwai kuma maganar haƙƙi. Littafi a gidan malami amana ce da gado, wani ma akwai asirai a ciki da mai shi bai yarda kowa ya gani ba. Wanda ya ba da littafinsa aka ɗauki hoto ya cancanci a ba shi kwafe, a ambaci gidansa, a nemi izininsa kafin a baza. Ya kuma kamata kwafen farko ya zauna a Sakkwato, a na'urar da ke da mai kula da ita da wutar da ba ta yankewa, ba ya zama ɗalibin jami'ar Sakkwato sai ya nemi littafin kakansa a rumbun wata ƙasa ba. Waɗanda suka ɗauki nauyin wannan aiki daga waje sun yi abin godiya. Abin da ya rage namu ne.

Ɗalibin da wannan fanni ke buƙata a Sakkwato shi ne wanda ya haɗa abin da mulkin mallaka ya raba: ya iya Larabci da ajamin Hausa, in da hali da Fulatanci, ya san ramzi da hannun marubuta, sannan ya iya tsara fihirisa bisa ƙa'idar da rumbunan duniya ke ganewa. Da wuya sashe guda ya samar da shi. Sai sassan Larabci da tarihi da harsunan Najeriya da kimiyyar kwamfuta da ɗakin karatu sun yarda su duba kundi guda tare, a kuma ba malamin zaure kujera da lada a cikin aikin, a sa sunansa inda ya dace.

Ayyukan da ke jiran irin wannan ɗalibi a bayyane suke. A haɗa fihirisa guda ta duk abin da ke jami'a da hukumar tarihi da gidajen da suka amince, a danganta ta da kwafen da ke Kaduna da Ibadan da Yamai da Faris da Mai Wurno. A ɗauki hoton kundayen tahƙiƙi da ke jibge a kantocin sassa, domin kada wani ya sake aikin da aka gama shekara talatin da suka wuce. A naɗi muryoyin tsofaffin da ke rera waƙoƙin jama'ar Shehu da karinsu na asali, a liƙa kowace murya da warƙarta. A tsara wasiƙun waziri bisa shekara da gari, a ga yadda saƙo ke tafiya tsakanin Sakkwato da Kano da Adamawa. Kowanne cikin waɗannan ya isa digirin digirgir, kuma na ukun ba ya jira, domin masu muryoyin tsufa suke yi.